Ƙarin Da Ke Fita A Gindin Kunne Da Yadda Likitoci Ke Cire Shi

Duk wanda ya saba shiga kasuwa ko tashar mota ba zai rasa taɓa ganin wani mutum da ƙullutu a gindin kunne ba, daidai inda ƙashin muƙamuƙi ya lanƙwasa ya nufi sama. Na wani kamar goro, na wani kamar ƙwan kaza, na wani kuwa ya fi ƙwallon goruba har ya tura kunnen waje. In namiji ne sai ya sassauto da rawani ya rufe, in mace ce ta ja mayafi. In ka tambayi mai shi, kusan kullum amsar guda ce: ya daɗe, ya yi shekara biyar ko goma, ba ya ciwo, ba ya hana ci, ba ya hana barci. To, a kan wannan ƙullutu za mu yi magana yau, domin galibinsa yana warkewa sarai in ya faɗa hannun wanda ya san aikinsa. Abu biyu ne ke ɓata al'amarinsa: a bar shi ya tsufa a jiki, ko kuwa a sa masa aska ba tare da sanin abin da ke kwance ƙarƙashinsa ba.

Ku sani yawun da ke bakin ɗan Adam ba daga ciki yake tasowa ba. Akwai waɗansu 'yan tsokoki masu laushi da ke tatso shi daga jini, bari mu kira su maɓuɓɓugan yawu. Manyansu shida ne, uku dama, uku hagu. Babbar cikinsu tana gaban kunne, ta kwanta bisa ƙashin muƙamuƙi, wutsiyarta ta sauko har gindin kunne. Ita ce likitoci ke kira farotid, ita ce kuma ke kumbura in yaro ya kamu da hangum. Ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi. Ta uku, wadda ita ce ƙaramarsu, tana ƙarƙashin harshe. Ban da waɗannan akwai ƙanana ɗaruruwa, ba su fi ƙwayar gero ba, a warwatse cikin leɓɓa da kumatu da ganɗa. Su duka a haɗe suna ba da yawu tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi kowace rana, mutum yana haɗiyewa bai sani ba.

Kowace babba tana da 'yar hanya siririya wadda yawun ke bi ya zuba a baki. Ta ƙarƙashin muƙamuƙi wani likitan Ingila, Thomas Wharton, ya bayyana ta a 1656. Ta gaban kunne kuwa wani saurayi mutumin Denmak, Niels Stensen, ya gano ta a 1660 a birnin Amsterdam, yana feɗe kan tunkiya. Bakinta yana cikin kunci, daura da haƙorin tauna na biyu na sama.

Amma kada kowa ya ga kumburi a wuya ko a kunci ya tsorata. Hangum kwanaki yake yi, da zazzaɓi da ciwo, ya sace da kansa. Akwai kuma 'yar tsakuwa da kan toshe hanyar yawu, galibi ta ƙarƙashin muƙamuƙi. Alamarta ita ce wurin ya kumbura ya yi zogi sa'ad da aka fara cin abinci, in an gama ya sauka. Akwai kaluluwa da ruɓaɓɓen haƙori ko tarin fuka ke tayarwa. Masu cutar ƙanjamau ma wani lokaci gaban kunnuwansu biyu kan cika da ruwa. Duk waɗannan daban suke da ƙari. Shi ƙari nama ne sabo da ke tsirowa cikin maɓuɓɓugar, ba ya sauka, sai dai ya ƙaru.

Ƙari iri biyu ne. Akwai mai zama inda ya tsiro, yana girma yana ture abin da ke kusa da shi, amma ba ya cinsa. Akwai kuma mugun, watau ciwon daji, wanda ke cin abin da ya tarar, ya bi jini ko hanyar kaluluwa ya tafi wani wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa irin ƙarin maɓuɓɓugan yawu fiye da 30, amma ɗaliban likita suna riƙe wata ƙa'ida mai sauƙin haddacewa: kimanin kashi 80 cikin 100 a farotid suke fita, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka fita can ba daji ba ne. Sai dai gwargwadon ƙanƙantar maɓuɓɓuga gwargwadon haɗarin abin da ya tsiro a cikinta. A ta ƙarƙashin muƙamuƙi da ƙananan cikin baki kusan rabi daji ne, a ta ƙarƙashin harshe kuwa mafi yawa daji ne, ko da yake ba safai ƙari ke fita can ba. Wannan lissafi daga asibitocin Turai da Amurka aka samo shi. Likitocin da suka ƙidaya a Afirka, har da Nijeriya, sun tarar rabon ganɗa da ƙarƙashin muƙamuƙi ya fi haka yawa a wurinmu. Saboda haka ƙullutun da ya fito a ganɗa, wanda mutum ke lasa da harshe yana cewa ba kome, ya fi na gindin kunne cancantar a gaggauta kai shi asibiti.

Dajin maɓuɓɓugan yawu ba shi da yawa. Cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta mutum kimanin 54,000 ne suka kamu da shi a duniya duka a 2020. Ba a ɗaukarsa wurin wani, ba ya bin ƙwarya ko cokali. Abin da aka tabbatar yana jawo shi shi ne haske mai ratsa jiki in ya yi yawa. An ga ƙarin ya yawaita ga mutanen Hiroshima da Nagasaki da suka tsira daga bom na 1945, da kuma yaran da aka taɓa gasa wa kai da irin wannan haske don maganin ƙora, kafin a bar wannan hanya. Akwai kuma wani ƙari marar mugunta mai sunan Aldred Warthin, likitan Amurka da ya bayyana shi a 1929, wanda ya fi kama dattawa masu shan taba, wani lokaci ya fito dama da hagu. Shi wannan bai cika yawa ga baƙar fata ba.

Wanda ya fi kowane yawa, wanda kuma shi ne galibi a ƙarƙashin rawanin nan da mayafin nan, likitoci na dā sun sa masa suna ƙari mai gauraye, domin in an yanka shi an duba da madubin likita sai a ga wani wuri nama, wani wuri kamar majina, wani wuri kamar guringuntsi. Ya fi kama masu shekara 30 zuwa 60, mata sun ɗan fi maza. In ka taɓa shi za ka ji shi da tauri kamar roba, yana motsi ƙarƙashin fata. Ba daji ba ne. Amma yana da hali biyu da ya kamata kowa ya sani.

Na farko, yana cikin wani tantani kamar jaka, har mai gani ya ce ai tsaga fata kawai za a yi a ɓare shi kamar gyaɗa daga kwanso. Ashe jakar ba cikakkiya ba ce. Wani wuri ta yi siriri ƙwarai, wani wuri ƙarin ya huda ta ya miƙa 'yan saiwoyi cikin lafiyayyen nama, waɗanda ido ba ya gani. Manomi ya san halin ƙirƙiri a gona: ka tuge shi ka bar guntun saiwa, damina na zuwa ya dawo ya fi dā. Haka wannan ƙari yake. In kuwa jakar ta fashe abin cikinta ya zube a rauni, to, an yi shuka ke nan. Bayan shekara biyar ko goma sai ya dawo, ba guda ɗaya ba, goma ko ashirin ko fiye, a warwatse cikin tabo.

Na biyu, in ya daɗe yana iya rikiɗa. A shekaru biyar na farko wanda ke juyewa daji bai kai 2 cikin 100 ba, amma in ya wuce shekara 15 sai ya doshi 10 cikin 100, kuma dajin da ke fitowa daga cikinsa yana daga cikin masu tsanani. Alamun rikiɗa su ne: ƙullutun da ya yi shekaru yana tafiyar hawainiya ya tashi girma cikin 'yan watanni, ya fara zogi, ya ƙanƙame ya daina motsi, fata ta manne masa ko ta fashe ta zama gyambo, kaluluwa ta fito a wuya, ko buɗe baki ya yi wuya. Babbar alama duka ita ce fuska ta fara karkacewa, ko ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Ƙari marar mugunta yakan kai girman kan jariri bai taɓa motsin fuska ba. In ƙullutu ƙarami ya karkata baki, likita daji yake fara zato.

To, me ya haɗa fuska da maɓuɓɓugar yawu? A nan ne duk wuyar aikin take.

Akwai wata jijiya, ba ta jini ba, fara ce kamar zare, wadda ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsokokin fuska. Ita ce ta bakwai cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa a kowane gefe. Charles Bell, likita mutumin Sikotlan, shi ya nuna aikinta a 1821. Tana fitowa ta wata 'yar ƙofa a gindin ƙoƙon kai, bayan kunne, kaurinta bai fi tsinken ashana ba, sai ta kutsa tsakiyar farotid, ta rabu biyu, biyun su rabu biyar kamar yatsun hannu: ɗaya ya nufi goshi, ɗaya ido, ɗaya kunci da leɓen sama, ɗaya leɓen ƙasa, ɗaya wuya. Da ita mutum ke ɗaga gira, ya rufe ido, ya yi murmushi, ya hura wuta, ya riƙe ruwa a baki. In aka yanke ta, rabin fuska ya mutu: baki ya karkace, yawu ya riƙa dalala, ido ya zauna buɗe dare da rana har ya bushe ya yi gyambo, wani ma ya rasa ganinsa. Ba abin da ya haɗa aikinta da yawu a wannan wuri, hanya ce kawai ta biyo da ita ta ciki, amma duk mai son taɓa farotid sai ya bi ta kanta.

Tsoron wannan jijiya shi ya sa likitocin dā suka riƙa yin aikin rabi da rabi. Sai su tsaga fata daidai kan ƙullutun, su ɓare shi da sauri su fita, suna addu'ar kada su gamu da ita. Abin da ya biyo baya an rubuta shi. Wani masanin cututtuka na birnin Filadalfiya, Joseph McFarland, ya tara labarin ƙari mai gauraye guda 300 ya buga a 1936, 69 daga cikinsu sun dawo bayan an cire. A waɗansu asibitoci abin ya kai kusan rabi. Har aka yi zamanin da waɗansu masana suka ɗauka ƙarin nan asalinsa daji ne, alhali kuwa laifin na hanyar aikin ne.

Maganin ya zo ne da aka juya tunanin. Maimakon a guje wa jijiyar, sai a neme ta tun farko, a gan ta da ido, sa'an nan a yi aiki tana gabanka. Thomas Carwardine na birnin Biristol ya cire farotid ya bar jijiyar lafiya a 1907, amma ba a bi sawunsa da wuri ba, don aikin yana cin lokaci da haƙuri. Sai a 1940 Robert Janes na Toronto ya bayyana yadda za a samo gindin jijiyar a bi ta zuwa rassa, Hamilton Bailey na Landan ya ƙarfafa hanyar a 1941. A 1958 David Patey da abokin aikinsa Thackray, a asibitin Middlesex na Landan, suka yayyanka ƙarin da aka cire sala-sala suka duba, suka nuna wa kowa saiwoyin nan da hujojin jakar. Da hanyar ta zauna, dawowar ƙari ta faɗo ƙasa da 5 cikin 100.

Ga yadda ake aikin. Ana sa majiyyaci barci sarai, a juya kansa gefe, a bar rabin fuskar a fili don mataimaki ya riƙa kallonta. Likita ya fara yanka a 'yar tattarar da ke gaban kunne, ya zagayo ƙarƙashin inda mata ke huda kunne, ya gangaro cikin layin wuya, domin in ya warke tabon ya ɓace cikin layukan da fata ta zo da su. Ya ɗaga fatar kunci kamar an buɗe shafin littafi. Sa'an nan ya bar ƙarin tukuna, ya koma baya, ya bi guringuntsin ramin kunne zuwa ciki. Ƙarshen guringuntsin nan yana da ɗan tsini, jijiyar kuwa tana kimanin santimita 1 ƙasa da shi, can ciki. Wannan taƙi shi ne mafi nauyi a aikin duka, kuma a nan ake gane gwani. Jini kaɗan in ya kwanta a ramin sai ya rufe kome, don haka ake tafiya sannu ana tsane wuri. Akwai wani ɗan tsinke mai ba da lantarki kaɗan. In likita ya ga farin zare yana shakka, sai ya taɓa shi da tsinken, in jijiyar ce fuska ta motsa. A manyan asibitoci akan soka 'yan allurai a gefen ido da baki a haɗa su da na'ura, ta riƙa ƙara in an matsa wa jijiyar.

In ya same ta, sai ya zura ɗan hantsaki mai siririn baki a bisanta, ya buɗa, ya yanke naman da ke sama, ya matsa gaba kaɗan, ya sake zurawa, ya sake yankewa. Haka zai bi reshe bayan reshe har ɓangaren maɓuɓɓugar da ke bisa jijiyar ya ɗago gaba ɗaya, ƙarin yana tsakiyarsa, lulluɓe da lafiyayyen nama, jakarsa ba ta fashe ba. In an gama sai ka ga jijiyar kwance a fili da rassanta biyar. Mafi yawan naman farotid a bisa jijiyar yake, mafi yawan ƙari ma can yake fita. In kuwa a ƙarƙashinta ya tsiro, sai a ɗaga rassan a hankali a zaro shi ta tsakaninsu. A ƙarshe a sa 'yar roba mai tsotse jini ta kwana ɗaya ko biyu, a ɗinke, a cire zare bayan kamar mako guda.

Aikin yakan ci awa biyu zuwa huɗu, wani ya fi. A 2009 an yi wa shahararren ɗan wasan ƙwallon kwandon nan na Amurka, LeBron James, irin wannan aiki a birnin Kilibilan. Ƙarinsa ba daji ba ne, ga shi saurayi mai ƙoshin lafiya, ga asibitin ba abin da ya rasa, duk da haka sai da aka yi awa biyar. Mu a ganinmu wannan ya isa amsa ga duk wanda ya ce zai cire maka irin wannan ƙullutu kafin shayi ya huce.

Ba kuwa duka likitoci suka tsaya ga hanya guda ba. Na asibitin Christie da ke Manchesta sun daɗe suna cire ƙaramin ƙari mai motsi tare da ɗan siririn nama a kewayensa, ba tare da tone gindin jijiyar ba, kuma sun nuna a hannun ƙwararre ba ya dawowa fiye da na babban aiki, ga shi wahalar bayan aiki ta fi sauƙi. Yau asibitoci da yawa suna yin haka ga ƙarin da ya dace. Amma kada a ruɗe, wannan ba ɓarewar dā ba ce. Mai yinsa sai ya iya babban aikin tukuna, domin yana iya buɗewa ya tarar abin ya fi yadda ya zata.

Wajibi ne likita ya gaya wa majiyyaci abin da ka iya biyo baya tun kafin a shiga ɗakin fiɗa. Baki ba ya bushewa don an cire maɓuɓɓuga guda, sauran sun isa. Amma ko ba a yanke jijiyar ba, taɓa ta da jan ta yakan sa ta yi sanyi, mutum ya farka ya ga leɓensa na ƙasa ya ɗan karkace ko girarsa ta ƙi ɗaguwa. Wannan yana samun mutane da dama, galibi kuwa yana warwarewa cikin makonni ko watanni. Wanda nasa ke zama har abada kaɗan ne ƙwarai in ƙarin ba daji ba ne kuma aikin farko ne. A aiki na biyu haɗarin ya ninka, don tabo ya riga ya cakuɗa jijiya da nama, fari da fari, ba a rarrabewa. Ƙasan kunne kuma yakan mutu, mutum ya taɓa bai ji ba, don akwai wata jijiyar ji da ke ratsa hanyar wuƙa. Gefen fuska yakan ɗan faɗa. Wani kuma yawu ya taru ƙarƙashin fata 'yan kwanaki kafin ya tsaya.

Akwai wani abin mamaki da kan zo bayan watanni. Mutum ya zauna cin abinci, ko ya ji ƙanshin miya kawai, sai gumi ya tsattsafo masa a gaban kunne, wurin ya yi ɗumi. Dalili shi ne ƙananan jijiyoyin da dā ke umartar farotid ta zubo da yawu, da aka cire ta sai suka sake tsirowa suka rasa inda za su, suka shiga maɓuɓɓugan gumi na fata. Umarnin yawu ne, amma gumi ke amsawa. Wata likita 'yar ƙasar Folan, Lucja Frey, ita ta warware wannan a 1923 a birnin Warso, bayan ta duba wani soja da harsashi ya sama a gindin kunne. Da sunanta ake kiran abin har yau. Bayahudiya ce, ta halaka cikin kisan da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a shafa aidin a kunci, ya bushe, a barbaɗa garin sitaci, a ba mutum lemon tsami ya tsotsa, sai inda ke gumin ya rine kamar an tsoma shi a baba. Mafi yawan masu shi bai dame su ba. Wanda ya dama, tun shekarun 1990 ana yi masa allurar Botox a fatar wurin, ta tsayar da gumin watanni da yawa kafin a sake.

In ƙarin daji ne, aikin ya fi haka faɗi. Akan cire maɓuɓɓugar duka, in akwai alamar ya kai kaluluwar wuya a kwashe su, sa'an nan sau da yawa a bi da gashi na na'ura kamar mako shida. Jijiyar fuska ko a nan ba a yanke ta sai dole. In tana aiki kuma dajin bai kama ta ba, a bar ta. In ya cinye ta, a yanke inda ya ci, a ɗebo wata jijiyar daga wuya ko daga ƙwauri a yi mata gada, a ɗinke da zaren da ya fi gashin kai siriri, motsi ya fara dawowa bayan watanni, ko da yake ba ya komawa kamar dā. Kafin nan akan sa ɗan ƙaramin zinariya cikin fatar ido ta sama don nauyinsa ya taimaka wa ido ya rufu. Akwai kuma wani irin daji, wanda ya fi fita a ganɗa da ƙarƙashin muƙamuƙi, mai tafiya a hankali yana bin jijiyoyi kamar yadda gara ke bin azara. Shi yakan yi shiru shekara 10 ko 20 sa'an nan ya ɓullo a huhu, don haka mai shi ba ya sallama da asibiti.

Ƙarin ƙarƙashin muƙamuƙi ana cire shi tare da maɓuɓɓugar ɗungum, ta wuya, ana kiyaye jijiyoyi uku: mai motsa leɓen ƙasa, mai motsa harshe, da mai ba harshe ji. Na ganɗa ta cikin baki ake cire shi.

Saura maganar aska. Wanzami ya san aikinsa, kuma maruru in ya nuna aka yi masa sakiya mugunya ta fita, mai shi ya sami sauƙi. Amma wannan ƙullutu ba mugunya a cikinsa. Tsaga ko sakiya ko ƙaho ba abin da za su fitar, sai dai su fasa jakar su watsa irin, in an yi rashin sa'a kuma su sami reshen jijiya. Ba wanzami kaɗai muke nufi ba. Ma'aikacin ƙaramin asibiti da zai ɗauka ƙullutun kitse ne, ya yi allurar kashe zafi ya tsaga ya matse, ɓarnarsa daidai take da ta mai aska, har ta fi, don shi an amince masa. Likitocin wannan fanni ko guntun nama ba sa yarda a yanka daga farotid don gwaji. Abin da suke yi shi ne su duba da na'urar hoto mai aiki da amo, irin wadda ake duba mai ciki da ita, su soka siririyar allura su tsotso 'yan ƙwayoyin nama a duba da madubin likita. Ba ta fi allurar zazzaɓi zafi ba, kuma ba ta watsa ƙarin. In ƙarin babba ne ko ya yi zurfi, sai a ƙara da babban hoto na kai da wuya don a ga iyakarsa.

Masu wannan aiki su ne likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, da likitocin fiɗar baki da muƙamuƙi. Ana samunsu a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Sakkwato da Maiduguri da Jos, da kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Duk ƙullutun gindin kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi ko cikin baki da ya wuce mako uku bai sauka ba, can ya kamata a nufa da shi, ko yana ciwo ko ba ya yi. Ba rashin kunya ba ne majiyyaci ya tambayi likita ko ya saba yin wannan aiki, da kuma yadda zai yi da jijiyar fuska. Gwani ba ya jin haushin wannan tambaya. Bayan aiki kuma lalle a kai abin da aka cire ɗakin gwaji, domin allura tana iya kuskure, sai an yanka ƙarin duka an duba ake sanin ainihin irinsa. A karɓi takardar sakamakon a adana ta inda ake ajiye takardun gona da na gida, domin in wani abu ya sake ɓullowa bayan shekara goma, ita ce farkon abin da likita zai tambaya.